Me ya sa ake ba mata aron zani a ƙofar gidajen sistoci na Girka?

A ƙofar gidan sistoci na Agios Stefanos, wanda ke kan wani dogon dutse a yankin Meteora na ƙasar Girka, abin da baƙo ke fara cin karo da shi tulin zannuwa ne da aka ajiye kusa da inda ake sayen tikiti.

Duk macen da ta zo da wando, ko da siket ɗin da bai rufe gwiwa ba, sai ta ɗauki ɗaya ta ɗaura a kan kayanta kafin ta wuce. Idan ta fito ta mayar da shi. Wadda kafaɗunta ke waje kuma sai ta nemi abin yafawa.

Namijin da ya zo da gajeren wando ko singileti ya fi shiga tsaka mai wuya, domin ba kullum ake samun abin da za a ba shi aro ba. Yana iya ƙarewa a zaune a bakin ƙofa yana jiran abokan tafiyarsa, bayan ya yi tafiyar kusan kilomita 350 daga birnin Athens.

Abin da ake ba matan aro bai da maraba da zanin da Bahaushiya ta saba ɗaurawa tun tana yarinya: ƙyalle ne mai faɗi da ake naɗawa a ƙugu, sai dai shi an sa masa igiya. Don haka wadda ta tashi daga Kano ko Kaduna ko Jos da shigarta ta yau da kullum ta riga ta cika mafi yawan sharuɗɗan tun kafin ta hau jirgi.

Sai dai akwai wuraren da ma'aunin kamala na ƙasar Hausa da na waɗannan gidaje ke saɓawa, kuma a nan ne mutum ke iya jin kunya ba tare da ya yi niyyar saɓa wa kowa ba.

Gida ne kafin ya zama wurin kallo

Meteora wasu zafta-zaftan duwatsu ne da ke tsaye kamar ginshiƙai a kusa da garin Kalambaka. Ma'anar sunan a yaren Girka ita ce abin da ke rataye a sararin sama. Tun a ƙarni na 14 masu zaman zuhudu na ɗarikar Otodoks suka fara gina gidajen ibada a ƙololuwarsu, domin su yi nesa da mutane da kuma hare-haren wancan zamani. An taɓa samun gidaje 24 a wurin.

Har zuwa shekarun 1920 da aka sassaƙa matakala a jikin duwatsun, da tsani ake hawa, ko kuma a saka mutum cikin raga a jawo shi sama da igiya.

Yanzu gidaje shida ne suka rage da mutane a cikinsu. Huɗu na maza ne, biyu na mata: Agios Stefanos, wanda ya koma hannun sistoci a 1961 bayan ɓarnar da ya sha a Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasar Girka, da kuma Rusanu. A 1988 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma a yau motocin 'yan yawon buɗe ido ba sa yankewa a lokacin zafi.

Wannan cunkoso kan sa baƙo ya manta cewa cikin gidan mutane yake. Matan da ke zaune a nan sun yi alƙawarin barin aure da dukiya har ƙarshen rayuwarsu. Suna tashi ibada tun kafin gari ya waye, suna aikin lambu da ɗinki da zanen hotunan ibada. 'Yan sa'o'i kawai suke buɗe ƙofa a rana, kowane gida kuma yana da ranar da yake rufewa a mako. Ƙa'idar sutura na cikin 'yan abubuwan da suka rage a hannunsu na tuna wa baƙo inda ya shigo.

Mazauna duwatsun sun taɓa nuna cewa ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Lokacin da aka zo ɗaukar wani fim na James Bond da ya fito a 1981, masu zuhudun sun ƙi amincewa, har suka riƙa shanya wanki a waje don su ɓata wa masu kyamara aiki.

Matsalar wando

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne dogon wando bai wadatar wa mace ba, ko da kuwa mai faɗi ne ya sauka har idon sawu. Masu wannan ra'ayi a cikin Kiristoci kan kafa hujja da littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 22 aya ta 5, inda aka hana mace sa kayan maza, aka kuma hana namiji sa kayan mata. A al'adar gidajen zuhudu na Otodoks, wando kayan maza ne.

Wannan ya shafi 'yan matan Arewa kai tsaye. Da yawa idan za su yi doguwar tafiya sukan sa wandon jins ko falazo, su ɗora hijabi ko buɗaɗɗiyar abaya a kai, kuma a gida ba wanda zai ce ba su yi shigar mutunci ba. Idan hijabin ya sauka har ƙasa, babu abin da mai tsaron ƙofa zai gani balle ya yi magana. Idan kuwa ya tsaya a gwiwa ƙafafun wandon suna waje, ana iya miƙa wa mace zanin aro, alhali ta fi duk wanda ke cikin layin rufe jiki.

Bai kamata a ɗauki hakan a matsayin wulaƙanci ba, domin haka ake yi wa 'yar Jamus da 'yar Japan. Amma wadda ba ta son ɗaura ƙyallen da mutane da dama suka ɗaura cikin gumi a rana ɗaya, gara ta naɗe zaninta na atamfa ta jefa a jaka. Ba shi da nauyi, kuma idan an fito yana iya zama abin shimfiɗa.

Akwai kuma ɗinkin da ke cika ƙa'ida a baki amma ya karya ta a ido. Siket ɗin da tela ya matse ya tsaga ta baya, ko leshi shara-shara da ba a sa masa shafi ba, ko rigar biki mai buɗaɗɗen baya, duk suna iya kaiwa ƙasa amma ba su ne abin da masu gidan ke nufi ba. Doguwar riga mai sakin jiki, ko riga da zani mai hannu, sun fi kwanciyar hankali.

Rufe kai: kowace ɗarika da nata

A nan babu doka guda. A Meteora ba a cika tilasta wa mace rufe kai ba. A gidajen sistoci na Otodoks ɗin Rasha kuwa, ɗankwali dole ne, kuma akan ajiye na aro a ƙofa tare da zannuwan.

Masu ziyarar ibada daga Najeriya kan haɗu da wannan a Urushalima, wato Birnin Ƙudus. A gangaren Dutsen Zaitun akwai cocin Maryamu Magadaliya mai ƙubbobi masu ruwan zinare, wanda Sarkin Rasha Alexander na Uku ya gina aka kammala a 1888. Sistoci ne ke zaune a harabarsa, kuma a nan aka binne Gimbiya Alice, kakar Sarki Charles na Ingila ta wajen uba. 'Yan sa'o'i kaɗan ake buɗe shi a mako, saboda haka wadda aka mayar saboda sutura da wuya ta samu wata damar kafin ayarinsu ya wuce.

Asalin al'adar yana cikin wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 11, wadda ta yi magana a kan mace ta rufe kai lokacin addu'a, namiji kuma ya bar nasa a buɗe. Cocin Katolika ya taɓa mayar da hakan doka a kundin dokokinsa na 1917. Sabon kundin da aka fitar a 1983 bai ambaci batun ba, kuma kafin nan ma mata a Turai da Amurka sun riga sun fara ajiye ɗankwali.

A Najeriya al'adar ba ta gushe ba. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan Zumuntar Mata sun fito da ankonsu ya san cewa ɗaurin kai wani ɓangare ne na shigar coci. Don haka Kirista 'yar Arewa da ta je gidan sistoci a Italiya tana iya tarar da ita da sistocin ne kawai masu rufaffen kai a wurin.

Ita kuwa Musulma mai hijabi, wani abin ban sha'awa na jiran ta a gidajen Otodoks. Sistocin baƙaƙen kaya suke sawa daga sama har ƙasa, da lulluɓin da ke zagaye fuska ya rufe wuya da kafaɗu. Daga nesa da wuya a bambanta su da matan da ke fitowa daga makarantar Islamiyya. Wadda ta je da baƙar abaya da baƙin hijabi kada ta yi mamaki idan wani baƙo ya tare ta yana tambayar hanyar ɗakin kayan tarihi.

Niƙabi ne ke buƙatar shiri na daban, kuma matsalarsa ta fi zuwa daga gwamnati kafin a kai ga ƙofar coci. Faransa ta fara aiki da dokar hana rufe fuska a bainar jama'a a 2011, Beljiyam ma a wannan shekarar, Ostiriya a 2017, Denmak a 2018. Mai shirin zuwa waɗannan ƙasashe ya kamata ta san da hakan tun tana neman biza.

Gwaggwaro kuma a bar shi ga ranar biki. Yana rufe kai, amma a ɗan ƙaramin ɗakin ibada mai duhu da bai ɗaukar mutane da yawa, yana tare wa na baya gani, yana kuma jawo ido, wanda shi ne abin da ƙa'idar ke ƙoƙarin kaucewa.

Hula

Ga maza, nan ne al'adun biyu suka yi hannun riga. A ƙasar Hausa, namiji ya je gaban manya kai ba hula alama ce ta rashin kamala. A cikin coci kuwa, barin hula a kai ne rashin ladabi. Wanda ya sa kaftani ko babbar riga ya gama da batun gwiwa da kafaɗa, amma zai iya jin wani ya taɓa shi yana nuna masa kansa.

Ba lallai ne a buƙaci cire hula a tsakar gida ko lambu ba. A ƙofar ɗakin ibada ne ake cirewa a riƙe a hannu. Wanda ya ga hakan bai kwanta masa ba yana iya tsayawa a waje ya kalli gini da duwatsu, babu mai tilasta masa shiga. Haka nan ba a buƙatar baƙon da ba Kirista ba ya kunna kyandir ko ya sumbaci hotunan ibada kamar yadda zai ga mabiya ɗarikar na yi. Ya tsaya gefe shiru ya isa.

Masu zuwa Urushalima kan sha ruɗani a rana guda: a cire hula a coci da safe, a nemi su rufe kai a Bangon Yamma na Yahudawa da rana.

Inda ake tuɓe takalmi

A Turai ba a cire takalmi a coci. A Gabas ta Tsakiya da Habasha labarin daban ne.

A Siriya, kimanin kilomita 30 arewa da Damaskus, akwai garin Saidnaya. Sunansa ya fi fitowa a labarai saboda mummunan gidan yarin da gwamnatin Assad ta riƙe a can, amma tun ɗaruruwan shekaru kafin haka an san shi da gidan sistoci na Nana Maryamu, wanda ake danganta kafuwarsa da Sarki Justinian a ƙarni na shida. Kiristoci da Musulmi duka suna ziyartarsa, kuma kafin a shiga ɗan ɗakin da ke ɗauke da hoton da suka fi girmamawa sai an bar takalmi a waje.

Haka abin yake a gidan zuhudu na Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sinai a Masar, wurin da ɗaliban Najeriya da ke karatu a Alƙahira ke iya zuwa ta mota. Na maza ne, amma mata na shiga ziyara. An gina shi tsakanin 548 da 565, kuma a cikin ganuwarsa akwai masallaci na zamanin daular Faɗimiyya. Ana tuɓe takalmi a ɗakin ibadar da aka gina a inda ake cewa Annabi Musa (AS) ya ga wuta a jikin bishiya. Umarnin da aka yi masa ya cire takalmansa ya zo a littafin Fitowa sura ta 3, ya kuma zo a aya ta 12 cikin Suratu Ɗaha.

Yawancin masu zuwa nan sukan hau dutsen da dare don su ga fitowar rana, su sauko da safe a gajiye cikin kayan hawan dutse su nufi ƙofar gidan. Da yawa a lokacin ne suke tuna cewa zanin yana cikin akwati a masauki.

A cocin Otodoks na Habasha kuwa, kowa na cire takalmi, mata kuma suna lulluɓa da farin mayafin auduga da suke kira netela. Farin gyale ya wadatar wa baƙuwa. Ga duk waɗannan wurare, safa mai tsabta da takalmin da ke fita ba tare da kwance igiya ba suna rage wahala.

Shi ma zaɓin takalmin yana da nasa haɗari a Meteora. Agios Stefanos ne kaɗai ake shiga ta 'yar gajeriyar gada ba tare da hawa ba, shi ya sa tsofaffi da masu ciwon gwiwa suka fi zuwa can. Sauran sai an taka matakala masu yawa, wasu sama da ɗari, a gefen rami. Abayar da ke jan ƙasa da takalmi mai tsini ko silifa mai santsi ba su dace da irin wannan hawa ba, musamman idan iska ta taso. Rigar da ta tsaya a idon sawu ta fi, mayafin kuma a kama shi da fil.

Turare da ƙarar awarwaro

Babu allon da ya rubuta wannan, amma ya cancanci a faɗa. Humra da turaren wuta da ke kama kaya abin yabo ne a gidan biki. A rufaffen ɗakin ibada da ake ƙona lubban, ƙamshi mai ƙarfi kan cika wurin. Haka awarwaro masu ƙara da takalmi mai ƙwas-ƙwas a kan daɓen dutse, a gidan da shiru ke cikin ibadarsa. Ɗaukar hoto a cikin cocin Meteora haramun ne, kuma ba a ɗaukar sista hoto sai da izininta.

Musulmi ba baƙon irin wannan buƙata ba ne, domin shi ma yana yi wa wasu. A Masallacin Sultan Ahmed na Istanbul ana ba matan da ba Musulmi ba aron mayafi a ƙofa. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya shiga Masallacin Umayyawa na Damaskus a watan Mayun 2001, sai da ya cire takalmansa. Kuma a 2017 an yi ta cece-kuce da Melania Trump ta je Saudiyya ba ɗankwali, sannan bayan 'yan kwanaki ta bayyana gaban Fafaroma Francis da baƙin mayafi, bisa tsohuwar al'adar ganawa da Fafaroma.

A nan gida

Ba sai an je Girka ba. Sistocin Katolika sun daɗe a Arewa: 'yan ƙungiyar St Louis sun iso Kano daga Ireland a 1948, kuma makarantarsu ta 'yan mata ta yaye ɗalibai Musulmi da Kirista masu yawa. Iyaye da tsofaffin ɗalibai da majinyata kan samu dalilin shiga gidajen sistoci a garuruwa da dama.

Irin waɗannan sistoci masu koyarwa da jinya suna cuɗanya da jama'a kullum, kuma shigar mutunci ta gida ta wadatar: riga mai hannu, zani ko siket da ya wuce gwiwa, ɗankwali idan za a shiga ɗakin addu'a. Sun bambanta da masu kulle, kamar 'yan ƙungiyar Karmel, waɗanda ba sa fita sai da lalura. A can baƙo ba ya wuce falon baƙi, wani lokacin ma ta bayan tagar ƙarfe ake magana. Wadda za ta kwana a masaukinsu don keɓewar ibada ta fi buƙatar ta kira tun da wuri ta tambayi ƙa'idar gidan, domin kayan da za ta sa na kwana biyu ko uku ne, har da na fitowa addu'ar asuba.

Hukumar kula da ziyarar ibada ta Kiristocin Najeriya, wadda aka kafa da dokar 2007, ta kai mutane Isra'ila da Jodan da Rum da Girka. A Rum ma, masu gadin babban cocin St Peter suna mayar da duk wanda gwiwarsa ko kafaɗarsa ke waje, komai daɗewar da ya yi a layi.

Akwai kuma inda babu suturar da za ta shigar da mace. Yankin Dutsen Athos da ke arewacin Girka, mai gidajen zuhudu 20 na maza, ya haramta wa mata shiga kusan shekara dubu ke nan. Dokar Girka ta tanadi ɗauri ga wadda ta karya, kuma jiragen ruwan da ke ɗauke da mata dole su tsaya mita 500 daga gaɓa. Majalisar Tarayyar Turai ta nemi a ɗage haramcin a 2003, amma bai ɗagu ba. Gidan Debre Damo na yankin Tigray a Habasha, wanda ake hawa da igiyar fata, shi ma maza kawai yake karɓa.

Matan da suka kai yankin Athos kan juya zuwa Ormiliya, wani babban gidan sistoci da ke ƙarƙashin ɗaya daga cikin gidajen dutsen, mai mata sama da 100. A can ma da siket ko zani ake shiga.